Kafin Ruwa Ya Ɗauke

Ruwan Agusta ya tsare mu a 'Yan Taya,
mu bakwai ƙarƙashin rumfar Tanimu mai faci.
Kwano na yoyo kan buhun dankalin Ngo Kaneng,
ta ce a bar shi, wanki ne kyauta.

Gyang ne ya tsokano zancen,
da wayarsa mai tsagaggen gilashi:
wai an ce fetur zai sauko ran Litinin.
Tanimu bai ko ɗago kai daga bahon ruwa ba,
yana danna robar taya, yana neman inda take shan iska.
"Wace Litinin? Shekara na da hamsin da biyu."

Malam Sidi, tsohon masinjan sakatariya,
ya gyara zama kan wata tsohuwar taya:
"Ni na san gwamnati,
shekara talatin ina ɗaukar ta a hammata
daga wannan ofis zuwa wancan.
Ba ta da nauyi ko kaɗan.
Nauyin yana kan mai jira."

Daga nan aka gangaro kan kansila,
wanda ya yi alkawarin kwalbati tun ɗansa na goye.
Yau yaron na aji uku,
ramin kuwa ya yi suna har masu keke na kwatance da shi.
Wani ya ce a sauke shi. Wani ya ce a ɗora wa?
Wani ya ce duk kanwar ja ce.
Ngo Kaneng ta ce ita dai ta dangwala masa
don ya gaishe ta da Birom,
ko da yake ya karya gaisuwar gida uku.
Muka yi dariya har Gyang ya ƙware.

Sai yatsansa ya tsaya cak kan gilashin.
Wani ƙauye can bayan duwatsu,
na hango hoton hayaƙi ta gefen kafaɗarsa.
Bai karanta mana ba.
Mu ma ba mu ce karanta ba.
Jos ta koya mana wane labari ake ɗaga murya da shi,
wane ake haɗiyewa da miyau
idan benci ɗaya ya haɗa mai tasbaha da mai gicciye.
Aka bar wa kwano magana.

Ɗanliti, yaron shago, bakinsa duk gasasshiyar masara,
shi ya cece mu bai sani ba:
"Oga, wai me ya sa kaza ba ta fitsari?"

Kai! Nan majalisa ta tashi tsaye.
Malam Sidi ya rantse ya taɓa gani a Bukur.
Ngo Kaneng ta ce kaji arba'in take kiwo, ƙarya yake.
Wani direban Bauchi da bai ce uffan kan fetur ba
ya cire hula yana bayani da hannu biyu.
Aka ce Gyang ya tambayi waya,
waya ta ce data ta ƙare.

"Ga ta nan!" in ji Tanimu.
Kumfa 'yan ƙanana suna tasowa a jere,
huda ɗaya kamar bakin allura.
Duk yinin nan
shi kaɗai ya gano inda matsala take.

Ruwa ya ɗauke ba sallama.
Gyang ya taya Ngo Kaneng ɗora buhu,
Malam Sidi ya naɗe ƙafar wando ya nufi Gangare.
Fetur na nan inda yake, kansila ma haka.

Ni kuwa da na isa gida bayan isha,
sai ga ni tsugune bakin akurki da tocila,
uwargida na tambaya ta taga
ko lafiya.